Hedimasta Ya Fita Farautar Wasiyya

Tun da aka naɗa Hedimasta shugaban kwamitin wasiyya na coci, tsofaffi suka daina tari a gabansa. Da mutum ya yi gyaran murya sai ya gan shi a gefensa riƙe da jakar fata, yana tambayar lafiya da wata irin kulawa mai sa gaba ya faɗi.

Duk da haka ko cokali babu wanda ya bar wa coci. Rufi yana yoyo daidai kan mawaƙa, su kuwa na cocin tsallaken titi sun yi sabon fenti, sun sayi lasifikar da ke danne wa'azin Fasto. Fasto ya gaya masa ƙiri-ƙiri: in shekara ta ƙare bai kawo wasiyya ko ɗaya ba, kujerar za ta koma hannun ƙanin matar Hedimastan. Hedimasta ya gwammace ya haɗiye jakar da ya ga wannan rana. Yaron da shi ya koya wa ɗaura takalmi!

Ana nan sai ya hango wani tsoho a bayan layinsu, zaune a ƙofar gida mai bene, yana tari mai daɗin ji. Ya bincika: ba mata, ba ɗa, ba jika. Tsuntsu daga sama gasasshe.

Tsohon ya karɓe shi hannu bibbiyu. Falonsa cike yake da agogunan bango, kowanne da lokacin da ya ga dama. Kujeru babu biyu masu kama da juna. Ga sandunan dogarawa jibge a kwando, alhali mai gidan garau yake tafiya.

“Na mutanen kirki ne da suka riga mu,” in ji tsohon.

Hedimasta ya yi fuskar jimami, zuciyarsa na rawa. Dangi duk sun ƙare ke nan. A ransa ya raɗa masa suna Baba Mai-agogo.

Daga nan ya mai da gidan wurin hira. Bai taɓa samun mai sauraro irin wannan ba. In ya fara aya a kan tara dukiya a sama, Baba ya ƙarasa masa, har ya ƙaro wadda ta fi ta. Sai ya zuba masa shayi ya juyo da tambaya: yaya hawan jini, yaya gwiwar nan, ɗaki nawa ne a gidanka, yaran suna leƙowa kuwa? Rabon da wani ya tambayi gwiwar Hedimasta har ya manta. Ya ji daɗi ƙwarai, ya zazzage komai. Ranar Lahadi kaɗai yake tarar da ƙofar a kulle. Asibiti, ya ce a ransa, ya ƙara sa rai.

Hedimasta yana da tabarau, amma matarsa ce kawai ta sani. Mutumin da ya yi suna wajen hango ɗalibi mai tauna cingam a layin baya ba zai tsufa a gaban jama'a ba. Wata rana Baba ya miƙa masa jarida, ya ga yadda ya miƙar da hannu har ƙarshe, ya ce, “Kai, ƙanena, idonka kamar na saurayi.” Hedimasta ya yini yana murmushi.

Shekara ta zo gangara. Ƙanin matarsa har ya fara gwada zama a kujerar in an tashi taro. Hedimasta ya cire kunya ya roƙi Baba a gama maganar wasiyya.

Agoguna suna ta gardama a bango, Baba ya ce, “An ce in mutum zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Kai ka rubuta taka?”

Bai rubuta ba. Bai ma taɓa tunanin maganar ta shafe shi ba.

“To mu sa hannu tare, Baba,” ya ce da ƙarfin hali. “Gidana na coci ne bayan raina.”

Ikon Allah, ashe akwai lauya a ɗakin gefe yana shan shayi, kuma takardu a buge suke. “Karanta da kyau, ƙanena,” in ji Baba. Tabarau yana cikin jaka. Hedimasta ya bi layukan da ido kamar mai duba jarrabawa, ya gyaɗa kai, ya ce babu kuskure, ya rattaba hannu. Baba ma ya sa nasa a ƙasa.

Ranar Lahadi Hedimasta ya sa kwat ɗinsa ta biki, ya nemi izinin sanarwa. Ya hau gaba, ya kalli ƙanin matarsa da tausayi, ya buɗe baki.

Lasifikar tsallaken titi ta riga shi. Aka yi wani tari da ya sani sarai.

“Jama'a, mu tafa wa ɗan'uwanmu Hedimasta na cocin maƙwabta, wanda ya bar mana gidansa, ni ne shaida,” in ji muryar Baba Mai-agogo. “Shekara da shekaru ina shugabancin kwamitin wasiyyar cocin nan, ban taɓa fita neman kowa ba. Ina zama a ƙofar gida ne kawai in yi tari.”