Tukwane Shida na Aro

Da hantsin Litinin Tsoho direba ya sauke jajayen tukwanen kashe gobara shida a ƙofar kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Gummi, ya karɓi buhu biyu na godiya, ya kama hanya. Manajan kamfanin, Mu'awiya, ya sa aka goge su da tsumma, aka rataye su a ƙusoshin da suka shekara suna hutawa a bango.

Tukwanen nan sun fi manajan sanin hanya. Duk sa'ad da mai duba kayan kashe gobara zai zagayo, sai su riga shi. Su sauka a kamfanin man gyaɗa na Anka, su yada zango a na gurzar auduga a Bukkuyum, sannan su iso Gummi. Ba wanda ya san mai su. An shafe rubutun jikinsu da jan fenti, Tsoho kuwa in ka matsa masa sai ya ce na wani bawan Allah ne mai son taimako. Ba kuma wanda ya taɓa tambayar gidan da ake dafa shinkafar godiyar.

Mai dubawar, Malam Jabiru, ba ya wasa. Bara ya garƙame kamfanin Bukkuyum mako uku saboda tukunya biyar ya tarar a bango, bai buɗe ba sai da ta shidan ta fito. Ga shi kaka ta yi, shinkafa shanshera jibge har rufi, ma'aikata arba'in na ci daga injin. Mai kamfanin ya riga ya gaya wa Mu'awiya ƙiri-ƙiri, in aka rufe ko na yini ɗaya ne, ya ajiye makullai ya koma gona.

Bayan azahar sai bel ɗin injin ya ɗauki zafi, tartsatsi ya faɗa cikin tarin ɓuntu. Kafin a ce me, wuta ta miƙe tana lasar buhuna. Halilu, dattijon da ya shekara ashirin yana tayar da injin, ya fizgo tukunya ɗaya, ya zare ƙusar hannunta, ya feshe wutar da farin gari har ta mutu murus.

Ma'aikata na ta kabbara, Mu'awiya ya shigo a guje. Bai dubi baƙin bangon ba, tukunyar ya duba.

"Wa yac ce ka taɓa ta? Ga yashi, ga bokiti! Ai ba don kashe wuta anka kawo su ba!"

"Wuta ta hwa, Manaja," in ji Halilu.

"To da ka yi ta da ruwa!"

Wurin cika ta sai Gusau, ba kuma za a je a dawo kafin safiya ba. Mu'awiya ya ji tsoro sosai. Ya sa aka share garin, aka shafe bangon da farar ƙasa, aka mayar da ƙusar aka ɗaure ta da zare. Ɗan agogon da ke wuyan tukunyar kuwa ya ƙi haɗa baki da su, allurarsa ta sauka daga kore ta kwanta a kan ja. Sai aka juya fuskarsa bango, aka rataye tukunyar a lungu, aka jera buhuna a gabanta.

Talata da safe Malam Jabiru ya iso da takardunsa a hammata, yana ta duban agogo. Motar Tsoho ma har ta dawo, ta fake a gindin darbejiya tun ba a kira ta ba.

Malam Jabiru ya damƙi shinkafa daga wani buhu ya murza. "Taku ba tsakuwa," ya ce, "ga kumburi cikin tukunya." Mu'awiya ya washe baki.

Sai aka shiga zagaye. Malam Jabiru bai karanta takardar jikin ko ɗaya ba. Yana isa sai ya ɗan bubbuga tukunya, kamar mai shafa wuyan akuyarsa, ya wuce. Ta ukun hannunta na girgiɗi, amma tun kafin a gargaɗe shi ya tallabo ta ta gindi. Mu'awiya ya tsargu. Mutumin nan ya gane su ke nan, makon jiya ya gan su a Bukkuyum.

"Biyar. Ina ta shidan?"

Aka janye buhuna. Malam Jabiru ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ta taso sakayau. Ya juyo agogon, ya ga zaren, ya lakaci farin garin da ya maƙale a bakinta.

"Wa yay yi aiki da ita?"

Halilu ya matso, ya ce shi ne, wuta ce ta tashi. Malam Jabiru ya dube shi kamar ya kama ɓarawo a rumbu, ya ce kowa ya fita, manaja kaɗai ya tsaya.

Mu'awiya ya sa hannu a aljihu ya taɓa makullan. Ya tuna gonarsu mai tsakuwa, ya tuna mutum arba'in da ke tsaye a waje. Ya buɗe baki zai fara roƙo, sai ya ga Malam Jabiru ya zauna daɓas a kan buhu, ya cire hula, ya rungume tukunyar.

"Kun kashe ni," ya ce. "Shekara huɗu ina ba da aron tukwanen ga na ohis ɗina, ba wanda yat taɓa kashe wuta da su sai ku. Gobe manya za su zo duba ohis ɗina, mi zan nuna musu?"