Masar da ta ƙone a Greenbelt

Ina 'yar shekara takwas, wata Asabar da yamma, Inna tana suyar masa a ɗan kicin ɗinmu na Greenbelt, garin da muke zaune a ƙasar waje. Jirgin fasinja ne ya nutse a teku a hanyar Gabon, mutanenmu suka shirya sayar da abinci a masallaci don a aika wa iyalan mamatan taimako. Ƙanenta, Kawu Sani, yana cikin jirgin, kuma ba a ji ɗuriyarsa ba. Ina zuba ƙullu, tana juyawa.

Sai waya ta yi ƙara. Ta saurara, ta zauna dirshan a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba.

"Masunta sun tsamo shi," in ji ta. "Wai yunwa yake ji."

Masar da ke tanda ta ƙone ƙurmus. Na ce, "Inna, mun gama suya ke nan?"

Ta share fuska, ta miƙe. "Zuba wani, 'yata. Na wasu ba su dawo ba."

Har yau in na ji ƙaurin masa, sai na yi murmushi kafin in kashe wuta.