Ƙanƙarar da Ya Bari

"Yau kam sai kin sakar mana injin nan," in ji shugabar ɗakin bincikenmu. "Mutane na jiran layi. Ai ba firjin gidanku ba ne."

Ta yi dariya, sai kuma ta tuna, ta dafa kafaɗata.

A cikin injin akwai ɗan faifan zinariya mai girman farce, mai sanyi irin na sararin da ke tsakanin taurari. Mijina ne ya fesa masa iskar gas ta daskare, yana son ya ga ko tubalan farko na rayuwa za su haɗu a irin wannan sanyi. Da yammar ranar ya hau kekensa zai sayo burodi, motar kaya ta sha kwana ba ta gan shi ba. Nan take ya rasu.

Tun kaka nake gadin ƙanƙararsa, har furanni suka buɗe a nan birnin Leiden. Ba a sanin abin da ya haɗu a cikinta sai an ɗumama ta, ta tashi, na'ura ta shinshina.

"Ko in danna miki?" in ji shugabar, tana nuna maɓallin ɗumamawa.

"Bari, ni zan yi."

Na danna. Zafi ya fara hawa. Layin da ke fuskar kwamfuta ya yi tsalle daidai inda ya sha rantse mini zai yi, ina ce masa mafarki yake.

"Ɗan rigimar nan ashe gaskiyarsa ce!" ta faɗa da ƙarfi, tana share ido.

Na leƙa ta 'yar tagar injin. Faifan yana ta ƙyalli, tas, babu komai a kansa.