Katifa Ya Ɓata Rawarsa

Ƙofar firjin gidan Katifa ta daina rufuwa tun bara. Da igiya ake ɗaure ta, sai a 'yan kwanakin nan da matarsa ta samu wani faffaɗan bel ta zagaye firjin da shi. Katifa ya kwance shi da hannun hagu, don na daman yana cikin filasta, ya sha ruwa, ya mayar ya ɗaure. Matar tana tsaye tana wanke kofuna, ko ina kwana ba ta ce masa ba.

Kwana tara ke nan da dambensa da Ɗan Kwalisa. Wanda bai san Ɗan Kwalisa ba, to ba shi da talabijin. Mawaƙi ne, ɗan fim ne, shekara biyu da suka wuce kuma ya wayi gari ya ce shi ɗan dambe ne, kowa ya ce haka ne. Shi kuwa Katifa shekara goma sha huɗu yana sa safar dambe, sunan ma 'yan kallo ne suka laƙa masa saboda yadda ya iya kwanciya a tsakiyar fili.

Zagaye takwas aka shirya. Mutane sun sayi tikiti da tsada, wasu ko kujera ba su gama nema ba aka tashi. Daƙiƙa hamsin da biyu, shi ke nan.

Tun daga ranar babu wayar da bidiyon bai shiga ba. Mai kantin bakin layi ya koma miƙo masa sabulu fuska a ɗaure. Autarsa ta dawo daga makaranta tana kuka, wai ƙawayenta sun ce ba sa wasa da ita. Surukarsa kuwa aikowa ta yi a gaya masa ta gani da idonta, kuma akwai Allah.

Ya sa hula ya ja ta har kan gira, ya hau bas zuwa wurin atisaye. A mahaɗar hanya ga Ɗan Kwalisa a kan katafaren allo yana tallan man goge baki, haƙora farare tas, har sun fi na da tsari. Rediyon direba ma zancensa yake: fina-finai uku suna jiransa, ga sabuwar waƙa, ga wani kamfanin katifa yana zawarcinsa. Wannan na ƙarshen ya fi komai yi wa Katifa ciwo.

Ya tarar da tsohon kocinsa zaune yana ɗinke buhun naushi da basilla. Ya gaishe shi, ya tambaya a hankali ko akwai wani dambe a gaba.

Koci bai ɗago ba. Ya ce, "Mai shirya wasa ya kira sau uku, duk zagi ne. Mawaƙa biyu da ɗan barkwanci ɗaya da suka sa rana da kai, duk sun janye. Shekara goma sha huɗu ina nanata maka abu ɗaya, kafaɗa da safa, kafaɗa da safa. Ina ka kai hankalinka?"

"Wallahi Koci, shi ne ya sunkuyo yana neman kyamara."

"To kai ina idonka? Sana'a amana ce, yaro. Wa zai sake yarda da kai?"

Nan fa tsoro ya kama Katifa, tsoro na gaske irin wanda bai taɓa ji a fili ba. Shekararsa talatin da shida, ga yara uku, kuma ban da wannan sana'a ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba.

Ya biya garejin yayan matarsa, ko zai samu aikin wanke mota in hannu ya warke. Yayan ya ja shi bayan wata tsohuwar bas don kada masu motoci su gan su tare, ya sosa ƙeya, ya ce ya dai bari ƙura ta lafa tukuna, rabin masu kawo masa gyara da waƙar Ɗan Kwalisa suke shigowa.

Da la'asar ya dawo gida, ya iske bel ya zame, ƙofar firji ta buɗe, ruwa ya malale ɗakin girki. Matarsa tana durƙushe tana matse tsumma a bokiti. Sai a lokacin ta dube shi, karon farko cikin kwana tara.

Ta ce, "Baban Auta, dambe arba'in da ɗaya ka yi kafin wannan. Kowanne ka dawo mini da kumburarriyar fuska da cefane a hannu, ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Da ka yi abin da ka saba, da yanzu sabon firji ne a nan. Me ya kai ka?"

Katifa ya matsa gaban firjin. Ya tura ƙofar da gwiwa, ya ja bel ɗin ya ƙara masa rami ɗaya, ya juyo da farantin zinaren da ke kansa gaba, don bel ɗin kambun damben ne. Sunan Ɗan Kwalisa ne a jiki, an zana shi tun mako biyu kafin wasan, don babu wanda ya yi zaton, har shi kansa Katifan, cewa bayan faɗuwa arba'in da ɗaya zai zubar wa mutum haƙora da naushi guda ya ci dambe.