Hujjar Inna Siddiƙa

Karo na uku ke nan Zuwaira tana cire takalmi a ƙofar zauren Malam Attaher, alƙalin da mutanen Akokan ke kai wa ƙara. Sau biyun farko ta koma gida yadda ta zo, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

Mijinta Zayyadu ya yi shekara goma sha tara yana shiga ramin uraniyum. Irin mazan nan ne da har gobe in suka shiga ɗaki mai duhu sai hannu ya tafi goshi, yana neman fitilar hular da aka karɓe tun ranar da aka rufe ramin. Da aiki ya ƙare ya kama tuƙin motar ruwa zuwa wajen masu haƙar zinariya a arewa. Wata Talata ya fita. Shekara uku ke nan ba a ga motar ba, ba a ji labarinsa ba.

Kowa da abin da yake kira hujja. Magatakardan alƙali ya ce takarda ce mai hatimin jandarmomi. Malam Attaher ya ce shaidu biyu ne, maza, masu hankali. Hashimu, ƙanen Zayyadu, ya ɗauka hujja ita ce ka fi kowa ɗaga murya, ka jawo abin da ka ji a wa'azi, don shi so yake a raba gado a huta.

Inna Siddiƙa, uwar Zayyadu, ba ta taɓa zama a aji ba, kuma duk ta raina musu. Zayyadu ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa.

"Yaron nan tun yana bahago ina bugun hannunsa da muciya bai taɓa ɓoye mini abu ba," in ji ta. "Takarda ba ta san shi ba. In ya mutu, ya zo ya faɗa mini da bakinsa."

Aka ce rigimar tsufa ce. Amma Zuwaira ta rantse ba za ta shiga takaba ba sai da yardar tsohuwar da ta riƙe ta kamar 'ya. Haka ta zauna, ga yara uku, ga iyayenta a Tawa suna aiko mata ta dawo gida.

Wannan karon akwai shaida ɗaya. Akoli, makiyayi daga Dannet, ya bi raƙuminsa da ya ɓace har ya ci karo da mota rairayi ya ci rabinta. A ƙarƙashinta akwai ƙasusuwan mutum. Ya binne su, ya kawo 'yar lambar ƙarfe ta ma'aikatan rami da ya samu a wurin.

"Lamba ana sayenta a kasuwa," in ji Inna. "Ƙashi kuwa duk fari ne."

Hashimu ya miƙe zai fara hayaniya, sai aka yi sallama.

Dogon mutum ne, ramamme, ya ja amawali har ƙasan ido, kuma a ƙasar nan ba a ce wa namiji ya buɗe fuska. Daga hasken rana ya shigo duhun zauren, ya kai hannun hagu goshi, kamar mai gyara rawani. Ya zauna nesa da tabarma. Aka ajiye masa ruwa, ya daɗe yana kallon kwanon, bai taɓa ba.

"Allah gafarta Malam, na zo shaida." Muryar a dushe take, kamar maƙogwaron ya ƙone.

"A ina ka san Zayyadu?"

"Rami ɗaya muka shiga. Mota ɗaya muka fita."

Ya faɗi komai ba gaggawa. Guguwa ta shafe sawun hanya ranar Laraba. Injin ya mutu ranar Alhamis, a dawowa, tankin ruwan babu ko ɗigo tunda an sayar. Zayyadu ya yi tafiyar yini, ya dawo inuwar motar don kada a rasa inda za a same shi. Ya yi taimama, ya yi sallolinsa a kwance. Ranar Asabar da hantsi ya cika, kalmar shahada a bakinsa.

Zuwaira ta kifa kai a gwiwa tana kuka, ba ta ɗago ba.

"Ya bar magana?" in ji alƙali.

"Ya so a ce wa uwar yara ta tafi Tawa, ya yafe mata. Tsohuwarsa kuma ta daina ajiye masa tuwo, ɓarna ce."

Tuwon nan babu wanda ya san da shi sai matan biyu.

Malam Attaher ya gyara zama. "To kai, bawan Allah, ta yaya ka tsira? Kuma wane suna za mu..."

"Ya isa!" Inna Siddiƙa ta buga sandarta a ƙasa. "Kada a wahalar da shi, daga nesa yake. Na yarda. Malam, rubuta."

Hashimu ya saki baki. Kafin magatakarda ya gama neman alƙalami aka kira azahar, aka duba baƙon ba ya nan. Aka ce alwala ya fita. Akoli, da bin sawu ne sana'arsa, ya daɗe tsaye a ƙofar zauren yana kallon rairayi, bai ga sawun baƙon ba, sannan ya ja raƙuminsa bai yi wa kowa sallama ba.

A hanyar gida tsohuwar tana gaba, ba hawaye, tana lissafa abin da za a dafa na sadaka. Sai da suka wuce tsofaffin gidajen ma'aikata, waɗanda aka ciccire wa ƙofofi, Zuwaira ta iya magana.

"Inna, shekara uku kin ƙi malamai, kin ƙi jandarmomi. Yau mutumin da ko fuskarsa ba mu gani ba..."

"Ke ce ba ki gani ba, kanki na ƙasa. Ni na ga hannun da ya kai goshi, hannun da na gaji da bugu ne." Ta gyara mayafi, ba ta waiwayo ba. "Cewa na yi ya zo ya faɗa mini da bakinsa. To, ya zo."