Suruki a Cikin Gurup

Wata biyu ke nan Halidu yana haɗiye baƙin ciki, kuma duk a kan gurup ɗin WhatsApp da shi da kansa ya buɗe.

Gurup ɗin ba na hira ba ne. Garinsu Halidu, a ƙasar Buza, yana bakin ƙorama ne, can ƙasan kwari. In ruwan sama ya zuba a kan duwatsun tudu, sai ya gangaro musu bayan ’yan awoyi, ko da su ɗigo bai faɗa musu ba. Lambunansu kuwa da injinan ban-ruwa duk a cikin kwarin suke. Shi ya sa Halidu ya haɗa manoman kwari da na tudu wuri guda. Da an sheƙa ruwa, sai wani manomin tudu mai suna Abdulmumin, ko ɗaya cikin maƙwabtansa, ya saki bokal, wato saƙon murya: “Ruwa na tahe, ku hita!” Damina biyu ana haka, ko akuya ba a rasa ba.

Sai aka sayo wa Alhaji Tsoho waya.

Alhaji Tsoho surukin Halidu ne, mahaifin matarsa, mutum mai bakin da ba ya gajiya. Wata rana aka yi gargaɗi, ya sa aka kwashe masa inji da tiyo, sai ruwan ya zo kaɗan. Shi ke nan, an taɓo shi. Kullum sai ya kafa baki a waya ya yi ta zuba, minti bakwai, minti goma.

“Ku mutanen dutsi, maƙaryata na! Yaushe kunka san ruwa? Ba kakanninku na sunka ƙare ga kiwon raƙuman wasu ba?”

Wanda ya ba shi haƙuri ya sha zagi, wanda ya rama ya sha ninki. Gurup ya koma filin gorin asali. Saƙon kirki in ya shigo, sai ya nutse a ƙarƙashin bokal talatin na faɗa.

Abdulmumin ya kira Halidu a fusace.

“Halidu, kai ad da gurup. Ka hidda tsohon ga, ko mu mu hita. Muna hawan dutsi cikin ruwa muna neman rezo, sabis ɗin waya, don mu cece ku, a saka muna da zagin iyaye?”

“Ka yi haƙuri, ɗan’uwa. Surukina na. Mutumen da ko sunanai ban iya kamawa, ƙaƙa zan kore shi gaban jama’a?”

“To, ka riƙe surukinka,” in ji Abdulmumin, ya kashe waya.

Gajere, yayan Halidu, wanda suke noman lambu ɗaya, ba ya ɓoye-ɓoye. Ya miƙa hannu ya ce, “Ba ni wayar ga in hidda shi. Ni ba ɗiyatai nika aure ba.”

Halidu ya maƙe kafaɗa. Ko wa ya danna, ai sunansa ne zai fito kowa ya gani: Halidu ya cire Alhaji Tsoho. Ina zai sa kansa ranar salla in ya je gaisuwa? Sai ya ci gaba da lallashi, yana turo saƙon “a yi haƙuri da juna”, kamar mai zuba ruwa a kwando. Abdulmumin ya fita. Maƙwabtansa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙarshen Yuli babu ɗan tudu ko guda a gurup. Alhaji Tsoho har dariya ya turo, wai an huta.

Ranar wata Alhamis cikin Agusta, rana tsaka, sama wasai, Gajere ya ɗaura shanu biyu a amalanke ya gangara lambu. Tun safe ake tafka ruwa a tudu, amma ba wanda ya sani a kwari. Halidu yana bakin gaɓa yana gyaran shinge sai ya ji rugugi. Ya ɗaga kai, ga ruwa jajur yana tahowa da itatuwa a kansa.

“Yaya, bar shanun! Hito!”

Gajere ya tsaya kwance igiya. Ruwan bai jira shi ba. Sai washegari da hantsi aka tsinci gawarsa a maƙale a saiwar gawo, nesa da gari. Ya bar mace da ’ya’ya biyar.

A wurin zaman makoki, Alhaji Tsoho yana kan tabarmar gaba, yana jan carbi. Da aka shafa fatiha sai ya gyara murya.

“Kun gani ko? Mutanen dutsi ba su da imani. Sun ga ruwa, ko su hwaɗa muna!”

 Halidu ya ji haushin tsohon, amma haushin kansa ya fi. Ya zaro waya a gaban kowa, ya nemo sunan tsohon a gurup, ya danna. Ko ƙiftawar ido abin bai kai ba.

“Baba, na hidda ka,” in ji shi, hawaye na zuba. “Da na yi hakan ga tun wata biyu, da yayana na nan zaune tare da mu.”



Jama’a, kunyar mara kunya asara ce. In ka riƙe ragamar gurup, ka ja wa mai zagi kunne. In ya ƙi ji, ka cire shi ko wane ne shi, kafin ya kore maka mutanen da ranka ke hannunsu.