Inda Teloli Ke Tafawa

Malam ya zauna a kujerar ƙarshe ta zauren taro, littafin rubutu a cinya, biro a hannu, yana jiran a tafa.

Shekara talatin ya yi yana koya wa ɗalibai rubuta jawabi kafin ya yi ritaya, ko talatin da biyu ne, duk ɗaya. Darasinsa bai taɓa canzawa ba: kafin biro ya taɓa takarda, ka san waɗanda za su saurare ka. To, ga shi mijin Auta, ƙaramar 'yarsa, yana neman shugabancin ƙungiyar teloli. Mutum ne gwanin yankan yadi, amma da ya miƙe gaban jama'a sai harshensa ya yi nauyi. Ranar zaɓe kowane ɗan takara zai yi jawabi, daga nan a jefa ƙuri'a.

Auta ce ta zo ta durƙusa. "Baba, in ba kai ka rubuta masa ba, kujerar nan ta wuce mu."

Malam ya ce sai ya ga teloli da idonsa tukuna.

Taro uku na neman goyon baya surukin ya kira, duka Malam ya je. Ya lura kullum a mota ɗaya jama'ar ke zuwa, ya rubuta: suna da haɗin kai. Babu mai tef na awo a wuya, babu mai ɓurɓushin zare a riga. Ya rubuta: suna girmama taro. Akwai wani mai yagaggen aljihu da bai ɗinke ba har taro na uku, Malam ya rubuta: aikin mutane ya hana su nasu. A sahun gaba kuma wani mai jar hula ne, bini-bini ya cire ta ya yi fifita. Ya rubuta: zauren na bukatar fanka.

Tafin ne ya fi ba shi aiki. An tafa da surukin ya ambaci tsadar zare, wannan a fili yake. Amma sau biyu an tafa a kan "bugu da ƙari". Sau ɗaya ma tari surukin ya yi, zauren ya ɗauki tafi. Malam ya yini yana juya abin, har ya gano bakin zaren: teloli na son magana mai tsari, da shugaba mai tawali'u da ba ya ɓoye rauninsa.

Ya rubuta jawabi mai shafi huɗu. "Bugu da ƙari" ta fito sau bakwai. A wuri biyu ya sa alama da jan biro: nan ka yi tari.

Surukin ya karanta, kansa a ƙasa. "Baba, ai mutanen nan da ka gani..."

Malam ya ɗaga hannu. "Kai ka san almakashi, ni na san jama'a."

Kunyar suruki ta sa ya haɗiye sauran.

Ranar zaɓe sai mai katin ƙungiya ake bari ya shiga, don haka Malam ya tsaya ta taga. Fuskokin ciki suka yi masa baƙunta, ga tef a wuyan kusan kowa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce tsufa ne.

Surukin ya fara. "Bugu da ƙari" ta farko ta wuce, shiru. Ta biyu, shiru. A ta biyar wani ya yi hamma. Da ya zo kan jan biro ya yi tarinsa yadda aka tsara, wata dattijuwa ta miƙa masa ruwa. Kafin azahar abokin takararsa ya hau kujera.

Malam ya koma gindin bishiyar da ke bakin ƙofa, yana bin shafukansa ɗaya bayan ɗaya, yana neman inda lissafi ya kuɓuce. Sai ya hangi motar nan, mutanenta zube a inuwa, har da mai yagaggen aljihu. Mai jar hula ya taso ya rusuna.

"Sannu, Baba. Ta taga muka ji jawabin, wallahi ya tsaru. Matsalar kati ce, mu ba teloli ba ne, aikin tafi surukinka ke ɗaukar mu. Da an bar mu mun shiga, duk inda na cire hular nan sai zauren ya girgiza."